Masarar Yaya Lawali da Tawa

Daminar bana ta cika shekara ashirin da uku da rasuwar yayana, Malam Lawali, wanda muka kai makwancinsa a Dauran, ƙasar Zurmi, lokacin masara tana goyo. Na san yadda aka saba irin wannan rubutu: a jero kyawawan halayen mamaci, a ce ba shi da abokin faɗa, a yi masa addu'a, a ajiye alƙalami. Addu'a kam ina yi masa bayan kowace salla, kuma a nan ma zan yi. Amma duk wanda ya ce Yaya ba shi da abokin faɗa bai tambaye ni ba. Ni ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Na yi kishi da shi muna yara, na yi kishi da shi yana kwance ba lafiya, ga shi gemuna ya yi fari fat ban warke ba.

Sunana Sani, kuma wanda ya san yadda ake raɗa suna a wajenmu ya san an ajiye ni bayan Lawali tun ranar da aka yanka mini rago. Ya riga ni sauke Alƙur'ani, ya riga ni aure. Shi ya tafi makarantar horon malamai ya dawo yana koyarwa a firamare, ni kuma na bi 'yan kasuwa zuwa Ƙauran Namoda ina awon hatsi. Waɗannan duk ba su hana ni barci ba, don a harkar samu na fi shi, shi ma ya sani. Wuri ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wato gona. Abin da na nema a wurinsa kuwa ba wani babban abu ba ne. So nake sau ɗaya tak masarata ta fi tasa, shi kuma ya buɗe bakinsa ya ce, "Sani, bana ka hi ni."

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, gona ɗaya ya bar mana a gabashin gari, bakin hanya. Aka raba ta biyu daidai, aka dasa gamba a tsakani ta zama iyaka. Da a ce tasa fadama ce tawa jigawa, da na samu abin fakewa. Ina! Ƙasa ɗaya ce mai yashi-yashi, hadarin da ya zubo masa shi ya zubo mini, irin da ya shuka a buhu ɗaya muka ɗebo. Duk mai wucewa kan hanya yana ganin gonakin nan biyu kafaɗa da kafaɗa, kuma mutanen Dauran ba su iya ganin abu su wuce shiru ba.

Matasan yanzu ba za su yarda ba, amma muna yara masara ba abin gona ba ce a ƙasarmu. 'Yar garka ce a bayan gida, inda ake zubar da toka da kashin awaki, a gasa wa yara a huta. Gero da dawa su ne abinci. Takin zamani ne ya fitar da masara daji, kuma ya yi ƙarfi a wajenmu ne daidai lokacin da aka ba mu jiha tamu ta kanmu. Gusau ta zama babban birni, ga ta nan kusa, kowa ya wayi gari yana da wani nasa a ofis. Ni ma ina da suruki a can. Idan aka zo rabon taki, sunana ba ya faɗuwa ƙasa.

A shekarun nan wata al'ada ta shigo mana wadda in na tuna ta yanzu sai in yi dariya ni kaɗai. Taki ya zama abin nuna isa. Manomin da ya samu yuriya ba ya zuba ta da sassafe ba kowa, sai hantsi ya yi, hanya ta cika da masu zuwa kasuwa. Ya ɗebo da hannu ya watsa a kan kunya, ta kwanta fari tas ana hango ta daga nesa. In ya gama, ya kafa sanda a bakin gona ya rataye buhunan da ya juye, don mai wucewa ya ƙirga ya san wane yana da hanya a sama. Ni ne sarkin wannan aiki. Akwai shekarar da buhunan da na rataye suka sa wani direba ya tsaya ya tambaya ko sayarwa ake yi.

Yaya kuwa albashin malamin firamare bai kai shi nan ba, kuma girman kai ya hana shi roƙona. Buhu ɗaya na takin kamfa, buhu ɗaya na yuriya, shi ke nan damina. Wani malamin gona ya taɓa zuwa daga Ƙaura ya nuna wa malaman makaranta yadda ake ba masara taki a lambun ɗalibai. Mutum da yawa sun saurara, sun ci shinkafar taro, sun watse. Yaya kaɗai ya ɗauki maganar ya kai ta gonarsa, ya kuma ƙara mata nasa.

Ga yadda yake yi. Zai feƙe sanda, ya nemo murfin kwalbar lemo. Kowane gindin masara sai ya auna yatsa huɗu daga kara, ya soka sanda, ya zuba taki cikin murfi ɗaya, ya take ramin da dunduniya. Kamfa tun masara tana ƙarama, yuriya kuma sai ta kai gwiwa, lokacin da take shirin miƙewa tana neman abinci da gaske. Ba ya zubawa a busasshiyar ƙasa, ya ce ƙona saiwa take yi. Ba ya zubawa in ya ga hadari mai nauyi ya haɗo, ya ce ruwa mai yawa zai tafi da ita ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Sai ƙasa ta jiƙa ta yi sanyi, sama ta lafa. Aikin da nake gamawa kafin azahar shi yakan kwashe kwanaki yana yi, a duƙe, bayan ya taso daga makaranta.

Mutane suka samu abin dariya. Aka riƙa cewa Malam ya zama likita, yana bin masara yana yi mata allura. Ni na fi kowa ƙyaƙyatawa. Wata rana, kwana kaɗan bayan na watsa tawa, rana ta buɗe da zafi, sai ya kira ni daga bakin gamba.

"Sani, zaka ka duƙa nan. Shinshina ƙasarka."

Na duƙa don in nuna masa ba na tsoro. Wani wari mai yaji ya bugi hancina, irin na turken awaki da aka daɗe ba a share ba, har idona ya kawo ruwa.

"Ka jiya?" in ji shi. "Takinka na ka tashi sama. Rana kaka ciyarwa, ba masara ba."

Na ce masa in ma rana nake ciyarwa, da buhuna nake ciyar da ita, ba da murfin kwalba ba. Ya yi murmushin nan nasa na malaman aji, wanda ke sa ka ji kai ɗalibi ne ko da jikoki gare ka, ya koma ya ci gaba da soke-sokensa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya riƙa biyowa kowace shekara. Tawa takan yi zumbur ta tashi da farko, in yi ta yawo a bakin hanya ina amsa gaisuwa. Kafin ta fitar da kai sai ganyen ƙasa ya fara rawaya, rawayar ta riƙa hawa sama, ciyawar wuta-wuta ta fito tsakanin kunyoyi da furenta mai kyan banza. Tasa kuwa kore shar har ta so ta yi baƙi, kara mai kauri, goyo cike har baki. Rabin takin da na zuba bai zuba ba. Ban taɓa yi masa fatan asara ba, Allah shi ne shaida, amma na sha tsayawa ina duban ganyen nan ko zan ga tsutsa ɗaya da za ta sanyaya mini rai.

Wanda ya fi yi mini ciwo ba maganar mutanen hanya ba ce, ta Inna ce, mahaifiyarmu. Ta tsufa, haƙora sun ragu, amma ba ta wasa da gasasshiyar masarar fari. Ni da nake kawo mata atamfa da sukari daga Ƙaura, in na kawo mata masara sai ta juya ta a hannu, ta sa mini albarka, ta ajiye gefe. Can sai ka ji ta ce wa jikokinta, "Ku tahi ku karyo min ta Lawali, ita ta hi cika baki." Ba da mugunta take faɗa ba. Wannan ne ma ya sa maganar ta fi zafi.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, sai abin ya tashi daga bakin hanya ya koma gaban dattawa. A da kowa yakan fitar da zakkarsa shi da Ubangijinsa. Yanzu aka naɗa dattawan unguwa da malamai suna zagayawa lokacin kaka, a auna a gabansu, a ware na mabuƙata. Abu ne mai kyau, gidaje da yawa sun ci tuwo ta dalilinsa. Amma ni ya tona mini asiri. Ga tsibin zakkar malamin firamare, ga na babban ɗan kasuwa mai suruki a Gusau, kuma ba sai an kawo tiya ba kafin a san wanne ya fi. Wani dattijo ya dubi nawa, ya dubi buhunan da har lokacin suna rataye a sanda, ya ce, "Allah shi ƙara auki." Ban taɓa jin addu'ar da ta yi kama da mari irin wannan ba.

Lokacin wa'azi ya yawaita, ko'ina ka juya lasifika ce. Wata Juma'a liman ya yi huɗuba a kan hassada, ya bambanta ta da burin mutum ya samu irin alherin ɗan'uwansa ba tare da ya so na ɗan'uwan ya gushe ba. Ya ce na farko yana cinye lada, na biyu babu laifi. Na fito masallaci da sauƙi a zuciya, na samu Yaya yana neman takalmansa, na ce masa to ya ji, nawa irin na biyun ne. Ya sa takalmi, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Naka yana kan iyaka, Sani. Ka riƙa istigfari dai."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Buhun yuriya ya kai inda ƙaramin manomi sai dai ya saya a tiya, wani ma a gwangwani. Ba wanda ke rataye buhu a bakin gona, wanda ya samu ɓoyewa yake yi. Tsada ta koyar da abin da Yaya ya yi shekaru yana faɗa ana dariya. Daga Dauran har ƙauyukan Shinkafi, in ka ga mutum a duƙe da sanda da murfin kwalba, ka tambaye shi me yake yi, a wajenmu cewa zai yi binnen Lawali yake yi. Yaran da aka haifa bayan rasuwarsa suna faɗin sunan ba su san mai shi ba. Na taɓa jin wani matashi a cikin keke napep yana yi wa abokinsa bayani, wai Lawalin wani Bature ne da ya musulunta. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga in na gyara ma ƙarin suna zan yi wa Yaya, na fasa.

Akwai kuma abin da na gode wa Allah da bai nuna masa ba. Gonakin nesa da gari da yawa sun koma daji saboda rashin tsaro, mutum yana noma yana waige. Shanun da a da suke kwana a gonakinmu da rani, su ci kara su bar mana taki, yanzu tsakaninmu da masu su sai kallon nesa, kowa yana tsoron kowa. Yaya yakan ce takin zamani ba ya zama a ƙasar da ba ta da takin shanu, wucewa yake yi. Yana da aminai a rugage, yana jin Fulatanci daidai gwargwado. Da yana raye, wannan ɓaraka da ta karya masa zuciya fiye da tsadar buhu.

Shekarar da ya rasu ita ce shekarar da na shirya masa. Na gaji da shan kaye, na ajiye girman kai, na ce zan yaƙe shi da makaminsa. Tun daminar da ta gabata na hana gonata masara, na shuka wake da gyaɗa, don na ji shi da kunnena yana cewa suna bar wa ƙasa ƙarfi. Da rani na je har wajen Badarawa na samu Buba, Bafulatanin da shanunsa suka saba kwana a gefen Yaya, na kai masa dawa da kanwa da goro, na yi ta zuba masa daɗin baki har ya kafa turakunsa a gefena. Da damina ta faɗi, na feƙe sandata, na nemo murfin kwalba, na duƙa. Bayana ya yi ciwon da ban taɓa sani ba. Masu wucewa suka ce likitoci sun zama biyu.

Masarar nan ta fito ta ba ni mamaki ni kaina. Kore shar, ganye mai faɗi, ta ɗara ta Yaya a tsawo, ba kuma idona kaɗai ya gani ba. Yaya ya zo ya tsaya bakin gamba, hannu a baya, ya daɗe yana kallo. Na ce a raina yau zai faɗa. Ya tsuguna ya tona gindi ɗaya ya ga inda na binne kamfa, ya mayar da ƙasa, ya miƙe yana kaɗe hannu.

"Ba laihi," in ji shi. "Amma masara ba a yabon ta tana yarinya. Mu ga kaka."

Ba a jima ba ciwo ya kama shi. Ciki ne ya fara, sai ƙafafu suka kumbura. Muka kai shi asibiti a Ƙaura, aka tura mu Gusau, daga baya likita ya kira ni gefe ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Ana cikin wannan ɗawainiya ruwa ya ɗauke. Masara ta kai gwiwa a gonakinmu biyu tana jiran yuriya, ƙasa kuwa ta bushe ƙayau, ba halin zubawa. Kowa a gari ya zuba wa gabas ido. Aka fita roƙon ruwa.

Da ruwan ya zo, ya zo yadda ake so, mai shiga ƙasa ba mai gudu ba. Wanda ya san irin ƙasarmu ya san ba ta riƙe laima, in rana ta buɗe a kanta sau biyu ta koma yadda take. A irin wannan safiya ba ka samun ɗan ƙwadago ko nawa za ka biya, kowa ya ruga tasa gonar. Ko ka samu ma, kana juya baya zai watsa maka taki ya ce ya binne. 'Ya'yana da na Yaya duk ƙanana ne a lokacin. Na ɗora buhuna a babur, na biya ta gidansa in gaishe shi. Buhun yuriyarsa yana jingine a zaure, ko ɗinkin bakinsa ba a kwance ba.

Na same shi an jingina shi da bango, ya rame, sai idanu.

"An yi ruwa, Sani?"

"An yi, Yaya. Na tona na gani, ya shiga."

"To mi kaka jira nan? Tahi ka ba ta. Ƙasag ga ba ta jiran kowa."

Bai ambaci tasa gonar ba. Bai dubi wajen zaure ba. Matarsa Asma'u tana bayan labule, ita ma ba ta ce komai ba sai a sauka lafiya. Da ya roƙe ni, da na samu abin da zan riƙa tuna masa har tsufanmu. Ya san haka, shi ya sa bai roƙa ba. Na fito raina a ɓace.

Na isa gona na sauke buhu a bakin gamba. Tawa tana dama, tana sheƙi, ba abin da take jira sai wannan ciyarwa ɗaya ta gama da Yaya har abada. Tasa tana hagu, ciyawa ta fara cin ta, ganyen ƙasa ya soma rawaya, don tun da ya kwanta ba wanda ya leƙa ta. Wannan masara ita ce tuwon Asma'u da yaranta na shekara, ba su da rumfa a kasuwa. Hannuna biyu ne, laimar ƙasa kuma ba za ta ishi gona biyu ba.

Kada mai karatu ya ɗauke ni waliyyi. Tausayi yana ciki, ba na musu. Amma abin da ya fi ƙarfi a raina shi ne wannan: idan na ciyar da tawa na bar tasa, na ci, to wa na ci? Mutumin da ke kwance? Mutanen Dauran za su ce Sani bai fi Malam ba sai da ciwo ya kayar masa da shi. Wannan nasara ko kyauta aka ba ni ba na so. Na ja buhuna na tsallaka gamba, ina masifa ni kaɗai, na soka sanda a gindin farko.

Na wuni a duƙe, na koma washegari, ina binnewa ina cire ciyawa da hannu. Kafin in kai kunyar ƙarshe sanda ta fara ƙin shiga. Da na tsallako gefena na soka, ƙura ce ta tashi.

Da la'asar na shiga gaishe shi, hannayena duk sun yi kanta. Labari ya riga ni, don a garinmu ba a ɓoye mutum a gona.

"An ce an gane ka cikin tawa," in ji shi.

Na ce hanya ce ta bi da ni.

"Ka binne ko ka watsa?"

"Na binne."

"Yatsa nawa daga kara?"

"Huɗu."

"Ka take da dunduniya?"

"Yaya, ni hwa ba yaro ba na!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Asma'u ta kawo ruwa. Da ya lafa sai ya kama hannuna ya juya shi yana duban kantar, ya daɗe bai saki ba. "Kai dai wawa na, Sani," ya ce a hankali. "Da ka bar ta, da bana..."

Na matso. Shekara da shekaru ina jiran ƙarshen wannan magana. "Da bana mi, Yaya?"

Ya lumshe ido, murmushin nan na malaman aji ya dawo fuskarsa. "Da mun gani ga kaka."

Bai ga kakar ba. Ruwa na gaba ya yi jinkiri, kafin ya zo masarata ta riga ta fitar da kai da yunwa a jikinta. Na ɗauko buhunsa na zaure na binne mata, amma lokaci ya wuce, abin da ta samu kaɗan ne. Tasa kuwa ta murmure ta yi wani irin kyau da ko a hannunsa ban taɓa gani ba. Muna dawowa daga maƙabarta muka bi ta bakin gonar, tana tsaye da goyo bibbiyu, na kau da kai don kada a ga idona.

Da kaka aka yi gayya aka girbe wa marayu, rumbun Asma'u ya cika har aka nemi aro. Dattawan zakka suka zo suka auna. Babbansu ya share hawaye ya ce, "Allah shi jiƙan Malam. Ko yana kwance gonatai ta hi ta ƙanenai." Wani daga baya ya ce ai Sani ne ya binne mata takin da hannunsa. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce, "To, ai dabaratai ta." Aka yi fatiha aka tashi.

Tun daga nan na noma masarar da ta ninka duk abin da Yaya ya taɓa girbewa. Na samu iri mai saurin nuna wanda bai san shi ba, na gane abubuwan da shi bai kai gare su ba. Mutane suna yabawa, har daga Zurmi ana zuwa kallo a shekarun da hanya ke da lafiya. Yabon nan ba ya shiga jikina. Na gano cewa duk garin nan bakin mutum ɗaya nake so ya faɗa, shi kuma ya tafi da maganar a cikinsa, da gangan, yana murmushi. Ina kewarsa, ina jin haushinsa, kuma na daina ƙoƙarin raba biyun.

Me ya rage na Malam Lawali? Bai bar gidan bene ba, bai je Makka ba. Yaransa sun girma, babban yana koyarwa, ƙaramar tana aikin jinya. Sai kuma dubban ƙananan ramuka da ake sokawa kowace damina a ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, a zuba murfi ɗaya a rufe, tiyar taki ta yi aikin da buhu ya kasa yi a zamaninmu. Gidajen da ba su san kamanninsa ba suna cin tuwo saboda shi. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa mu a inda babu ƙyashi a zukata, don ni dai a nan duniya na kasa.

Kwanan baya na tambayi limaminmu wata mas'ala da ta daɗe tana cin raina. Na ce, mutumin da ya koyar da abu mai amfani ya rasu, aka ci gaba da aiki da shi, ladan yana isa gare shi? Ya ce ƙwarai kuwa, muddin ana yi, ba ya yankewa. Na ce ko da mai yin aikin yana yi ne don ya fi shi? Liman ya yi dariya ya ce wannan tsakanin mai aikin ne da Ubangijinsa, amma rabon wanda ya koyar ba ya raguwa. Na fito ina lissafin gindin masarar da na duƙa a kansu da wannan tsohon baya nawa, da waɗanda zan duƙa a kansu bana in Allah ya kai mu, don ba fasawa zan yi ba. Ashe duk shekarun nan ƙwadago nake yi wa Yaya, kuma har yau bai ce mini sannu ba.